Yadda Ake Shirya Gasar Tunawa da Malami Kuma Kocin Ƙwallo a Ƙauye

Idan malamin firamare ya rasu a ƙauye, musamman irin wanda da an tashi makaranta shi ne zai rataya usur ya tara yara a fili, kafin a share makoki za ka ji samari sun fara cewa a sa kofi da sunansa. Niyya ce mai kyau. Sai dai da yawa daga irin waɗannan kofuna shekara ɗaya suke yi, wasu ma ba a kai wasan ƙarshe ake watsewa baram-baram. Matsalar kusan kullum daga tsari take.

Kafin a yi maganar kofi

Idan ciwon daji ne ajalin malamin, a sani cewa ba ya tafiya da mutum shi kaɗai, har da abin hannunsa yake haɗawa. Wanda ya yi wata da watanni yana zirga-zirga tsakanin gida da Asibitin Malam Aminu Kano, ko aka tura shi asibitin Shika na Zariya, da wuya ya bar gida babu bashi. Sau da yawa an jinginar da gona, an sayar da shanun huɗa, mai kemis yana bi, abokan aiki suna bi. Don haka aikin farko shi ne dattawa biyu su zauna da ƙanin marigayi ko babban ɗansa a rubuta duk bashin: sunan mai bi, nawa ne, wa ya shaida. Jerin da shari'a ta tsara a fili yake. A fara da hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan a raba gado. Kofi ba ya cikin wannan jeri, kuma ko sisin kwabo bai halatta a taɓa daga rabon marayu don sayen ƙwallo ba, ko da uwar yara ta ce ta yarda saboda kunya.

A kuma ɗora wa malami ɗaya, wanda ya san hanyar ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, nauyin bin haƙƙoƙin aikin marigayin. Ya tattara takardar shaidar mutuwa, takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma ta ƙarshe da ta albashin watan ƙarshe, ya yi kwafi uku-uku, asalin ya zauna a gida.

Sai neman izini. A fara da iyali, kuma a jira matar ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, idan mai ciki ce sai ta haihu. A tambaye su abu biyu ƙarara: sun yarda a sa hotonsa a jikin ƙyalle, kuma sun yarda a ambaci sunan cutar a lasifika? Idan sun yarda da hoto, a nemo na lokacin da yake da lafiya. Hoton gadon asibiti ba na bainar jama'a ba ne. Daga nan a je wa liman. Akwai malaman da ba su yarda da keɓe ranar mutuwa ana taro duk shekara ba, shi ya sa ya fi sauƙi kada a ɗaure gasar da ranar rasuwa. A bar ta a matsayin gasar samari, addu'a kuma a yi ta yadda liman ya tsara. Bayan shi sai mai unguwa, dagaci, sannan takarda zuwa ga 'yan sanda da 'yan sintiri.

Lokaci da fili

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu. An kawar da amfanin gona, mutane suna da ɗan abin hannu, zafi ya sauka, kuma samari ba su gama tafiya cin rani ba. A kauce wa azumi. A kauce wa ranar kasuwar da garin yake ci: wanda yake kusa da Wudil kada ya sa wasa ranar Juma'a, na yankin Maigatari ya bar Alhamis, na Dambatta ya bar Lahadi, in ba haka ba rabin 'yan wasan suna can suna dako. A Disamba rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe shida. Idan aka take wasa 4:30 bayan La'asar, minti 35 kowane ɓangare da hutun minti goma, an tashi 5:50. In an yi canjaras a tafi bugun fenariti kai tsaye, babu ƙarin lokaci, domin duhu da kiran Magariba su ne suke haifar da gardamar a sake wasa gobe.

Fili mai tsawon mita 90 da faɗin 55 ya isa, yana cikin doka. Idan gona ce aka ara, baje kunya shi ne ƙaramin aiki. Babban aikin shi ne tone tushiyar karan dawa ɗaya bayan ɗaya, don ita take tsaga tafin ƙafar mai wasa ba takalmi. A jera yara ashirin kafaɗa da kafaɗa su bi filin daga wannan kai zuwa wancan suna tsince tsidau, ƙarangiya da fasasshiyar kwalba, a maimaita sau biyu. Don kusurwa ta fita daidai, a auna mita uku a gefe ɗaya, huɗu a ɗaya gefen. Idan igiyar da ta haɗa bakinsu ta ba da mita biyar cif, kusurwar ta miƙe. Faɗin raga mita 7.32, tsayi 2.44. Wurin fenariti mita 11 daga layin raga, babban akwati mita 16.5, da'irar tsakiya mita 9.15 daga ɗigon tsakiya. Toka ta isa zana layi, a yayyafa ruwa tukuna don kada iskar hunturu ta kwashe ta. Turakun raga a binne su aƙalla santimita 60, a shafa wa gindin baƙin mai saboda gara. Sandar sama in dai itace ce sai ta lanƙwashe a tsakiya. Bututun ƙarfe ya fi, a ɗaure shi da noti. Yara suna son lilo a jikinta, kuma ragar da ba a kafa da kyau ba tana iya faɗo wa yaro a ka.

Ƙungiyoyi da dokoki

Shekarar farko a tsaya a ƙungiya takwas. Sili-ɗaya-ƙwale ke nan wasa bakwai, takwas idan za a nemi na uku, ana gamawa cikin kwana goma. Ƙungiya 16 wasa 15 ce, kusan mako uku, kuma a mako na ukun ne kuɗin ruwa da na alƙali suke ƙarewa.

Abin da ya fi rusa gasar ƙauye shi ne 'yan haya. Ƙungiya ta sha kashi a zagayen farko da 'ya'yan gari, sai ga abokiyar karawarta ta sauke samari huɗu daga birni a kan babura. Maganinsa rajista: suna 18 kowace ƙungiya, da hoto, mai unguwarsu ya sa hannu cewa 'yan garinsa ne, a rufe rajista kafin a jefa ƙuri'a, kuma a jefa ƙuri'ar a gaban kyaftin-kyaftin duka. Alƙalin wasa a ɗauko shi daga garin da ba ya cikin gasar, a biya shi kafin ya busa usur, ba bayan an tashi ba. Kowace ƙungiya ta ajiye kuɗin jingina baya ga na shiga. Wadda magoya bayanta suka kutsa fili ta rasa shi. A hana caca a bakin fili, a faɗa a lasifika tun ranar farko, don wanda ya zuba kuɗinsa shi ne yake fara jifa.

Kayan aiki ba su da yawa: ƙwallo uku lamba biyar, famfon iska da allura biyu, usur biyu, kati ja da rawaya, jakar ruwan leda biyu kowane wasa, bandeji, auduga da aidin. A tanadi mai babur ɗaya da mai a tankinsa.

Kuɗi kuwa, mutum uku: mai karɓa, mai rubutawa, mai ajiya, kuma kada ɗayansu ya zama ɗan gidan marigayi, don a tsare iyalin daga bakin mutane. Tun kafin a kashe ko naira ɗaya a raba abin da aka tara gida uku: kaso ɗaya na gasa, ɗaya na karatun marayu, ɗaya na sadaka mai gudana. Ɗan siyasa in ya kawo gudunmawa a karɓa, a yi godiya, a rubuta. Amma hotonsa kada ya hau ƙyallen, domin ranar da ya faɗi zaɓe gasar ta faɗi tare da shi, kuma 'yan ɗaya jam'iyyar sun riga sun janye ƙungiyoyinsu.

Ranar wasan ƙarshe

Wannan ce ranar da aka fi tara maza a wuri ɗaya, har da waɗanda ba sa zuwa asibiti sai an ɗauke su ranga-ranga. A gayyato ma'aikacin lafiya na asibitin garin, a ba shi minti goma lokacin hutu, kada a bari sai an tashi. Ya faɗi alamomin da ba a zama da su a gida: ƙullutun da yake girma, gyambon da ya ƙi warkewa, jini a fitsari ko bayan gida, rama ba dalili, wahalar fitsari ga namijin da ya haura hamsin. Ya taɓo maganar nan da ta zauna a zukatan mutane cewa daji ba ya son allura, ya nuna ba gaskiya ba ce, domin ita take sa a yi wata shida ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har ciwon ya bazu. Ya yi bayanin ciwon hanta nau'in B, wanda yake cikin manyan musabbaban dajin hanta: ana gano shi da ɗigon jini daga yatsa, rigakafinsa allura uku ne cikin wata shida, jariri kuma ana yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Manoma kuma su ji cewa gyaɗa da masarar da aka adana da danshi har suka yi funfuna suna ɗauke da gubar da take lalata hanta.

Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ambaci abu uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a. Malami ya riga ya bar na biyu. Na farkon shi ne aikin kwamiti, kuma a zaɓi abin da za a iya riƙewa: gyaran famfon tuƙa-tuƙan makaranta, bencina goma, ko darbejiya ashirin kewaye da filin. In bishiya ce, a yi alkawari ranar wasan ƙarshe amma a dasa a Yuli, bayan ruwa ya zauna. Rami rabin mita, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, tazarar mita shida, a kewaye kowace da ƙaya saboda awaki. Ranin farko ne yake kashe su, don haka a raba wa kowace ƙungiya bishiya biyu ko uku, ban ruwa sau biyu a mako, a sa shi cikin sharuɗɗan shiga gasar baɗi.

Babban ɗan marigayi ko ƙaninsa ne zai miƙa kofi. Ƙungiyar da ta ci ta zagaya gari da shi mako ɗaya, sannan ya dawo ofishin hedimasta tare da littafin kuɗi, bayan an karanta lissafin a ƙofar gidan dagaci.