Yadda na hana ruwa shiga aksul ɗin tsohuwar Hilux

Da damina, duk lokacin da na tsallaka fadamar Argungu ɗauko shinkafa, sai aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya na motar, ya kama kuka. Na kwance ƙusar juye mai da ke ƙasan aksul ɗin, man giya ya zubo fari tas kamar kunu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ashe ruwa ne ke shiga ta 'yar ƙofar numfashin da ke saman aksul, inda iska ke shiga da fita. Ƙarfe yana da zafi ya faɗa ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa.

Na juye gurɓataccen man, na zuba sabo mai lamba 80W-90. Sannan na sa tiyon fetur a bakin ƙofar, na ja shi sama har ƙarƙashin bodi, na ɗaure, na sa ƙaramar matatar mai a bakinsa yadda iska za ta riƙa wucewa. Aksul ɗin gaba ma haka na yi masa. Kukan ya ɗauke.