Yadda za ka gane in korona ta taɓa ƙwaƙwalwa ko jijiya, da abin yi

Yayata da ke zaune a unguwar Bagalam nan Maradi ita ta sa na fara bin diddigin wanga al'amari. Cikin sanyin ƙarshen 2020 ta yi wata mura mai zafi, kwana huɗu tana kwance, da ta miƙe ta ɗora miyar kuka ta jefa daddawa kamar kullum sai ta tsaya tana kallon tukunya, wai ba ta jin komi. Ta kai daddawar har bakin hanci, shiru. Rannan sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce Hajiya tuwonki na ƙonewa, ita ko tana zaune gab da murhu ba ta sani ba. Kuma hancin a buɗe yake fa, ba toshewa ba majina. To ina ƙamshin ya tahi?

Bari in fara da hanyar da ƙwayar korona ke bi, don in ba ka san hanya ba ba za ka san inda za ka tare ba.

Korona dangi ne, ba ɗaya ba ce. Akwai huɗu da sunka daɗe suna sa mutane mura, cikinsu har da OC43 da 229E, akwai SARS ta 2003, akwai MERS da ta ɓulla Saudiyya a 2012 wadda ke da alaƙa da raƙuma, sannan wadda ta taso daga Wuhan ƙarshen 2019 ta iso Nijar ranar 19 ga Maris 2020. Ita wagga ta ƙarshe jikinta duk ƙayoyi ne, kuma ƙayar kamar makulli take, kwaɗon da take buɗewa shi ne wani abu da ake kira ACE2 da ke jikin ƙwayoyin halittarmu, a hanci, huhu, hanji da bangon jijiyoyin jini.

Can saman kogon hanci akwai wani ɗan wuri inda jijiyoyin jin ƙamshi suke, kuma tsakaninsa da ƙwaƙwalwa ƙashi ne siriri mai huda-huda kamar rariya, ta cikin hudojin nan jijiyoyin ke wucewa sama. Wanga shi ne hanya ta farko da masana sunka zarga. A likitar Charité ta Balin a Jamus an binciki gawar mutum 33 a 2020 anka samu ƙwayar a wurin nan. Amma abin da ya ba ni mamaki, ba jijiyar ƙamshin kanta ƙwayar ta fi kamawa ba, ƙwayoyin da ke kewaye da ita masu tallafa mata su ne masu ACE2 da yawa. Kamar a ce mai gida na nan lahiya amma masu kawo mai ruwa da abinci duk sun kwanta, dole aiki shi tsaya. Shi ya sa mafi yawan mutane ƙamshin ke dawo musu cikin 'yan makonni, da zarar masu tallafin sun sabunta.

Hanya ta biyu jini. Ƙwaƙwalwa na da shinge tsakaninta da jini, kamar duwan a bakin iyaka, ba kowane kaya ke wucewa ba. In kumburi ya yi yawa shingen na sakewa, kuma ana zaton ƙwayar na iya yin fasa-ƙwauri ta ɓuya cikin fararen ƙwayoyin jini. Ana kuma maganar hanya ta uku, wata doguwar jijiya da ta haɗa huhu da hanji da gindin ƙwaƙwalwa. A Amurka masu bincike na NIH, cibiyar binciken lahiya ta gwamnati, sun duba gawa 44, sakamakon ya fito a 2022, sun ga ɓurɓushin ƙwayar a ƙwaƙwalwa, wani ma kwana 230 bayan fara ciwon.

Sai dai a nan nake so a tsaya da kyau. Yawan ɓarnar da ake gani ba don ƙwayar ta shiga kai ta yi sansani ba ne, abin da ake samu nata a ƙwaƙwalwa galibi kaɗan ne. Ɓarnar daga jiki take: sojojin jiki su yi faɗa fiye da kima kumburi shi watsu, jini shi riƙa daskarewa shi toshe jijiya, ko huhu shi kasa kai isasshiyar iska sama. Tun farkon annobar a Wuhan an duba majinyata 214 da anka kwantar, kusan 36 cikin 100 na da wata alama ta jijiya ko ƙwaƙwalwa, daga ciwon kai da jiri har zuwa shanyewar ɓarin jiki.

To yanzu abin yi. Farko ka raba alamun gida biyu, masu jira da marasa jira.

Marasa jira, waɗanda ko ƙarfe biyun dare ne a nemi mota: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya mutu, magana ta harɗe, mutum na sambatu bai gane 'ya'yansa, farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, barcin da ba a iya tada shi, ko ciwon kai irin wanda bai taɓa ji ba tare da sanƙarewar wuya. Ku duba agogon portabul ku riƙe lokacin da abin ya fara, shi lokotoro zai fara tambaya, don maganin narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake ba da shi inda akwai shi. Don Allah kar a ɗura mai ruwa ko rubutu ko kunu a baki, wanda ɓarin jikinsa ya shanye haɗiya na gagararsa, sai abin shi wuce huhu. Kar a ba shi aspirin da ka, in jini ne ya fashe a kai an ƙara wuta, sai an yi hoton kai za a bambance. A kwantar da shi ta gefe. Kuma na san mu, mutum na fara sambatu sai a ce iska ce a tahi neman mai ruƙiyya, addu'a ba ta hana tahiya likita, a yi ta cikin mota.

Kada kuma a ɗora wa korona komi. Nan Maradi zazzaɓi da sanƙarewar wuya lokacin zafi sanƙarau za a fara tunani, yaro mai suma da damina zazzaɓin cizon sauro ne da ya hau kai har sai gwaji ya ce ba shi ba. Duk hanyarsu ɗaya dai, CSI (ƙaramar likita) mafi kusa ko babbar likita.

Akwai wani da bai cika faruwa ba amma ya kamata a sani, ana ce mai Giyan-Bare: kwanaki ko makonni bayan mura ta wuce ƙafafu su fara tsiriri da mutuwa, raunin na hawa sama sannu sannu. Sojojin jiki ne ke cin rigar jijiya. In ya kai ƙirji numfashi na iya tsayawa, don haka tun yana ƙafa ake zuwa.

Masu jira kuwa, babbansu ɓacewar ƙamshi. In ya wuce mako biyu zuwa uku bai dawo ba ka fara horon hanci, dabarar da Thomas Hummel na Dresden a Jamus ya fitar a 2009. Shi ya yi da furen wardi, lemun tsami, kanumfari da man itacen turare, ukun ƙarshe ba su da wuyar samu a Babbar Kasuwa, wardi in babu ka sa citta ko humra. Kowane a 'yar kwalbarsa mai marfi. Safe da yamma ka buɗe ɗaya ka shaƙa a hankali wajen daƙiƙa 20 kana tuno yadda ƙamshinsa yake a da, ka huta kaɗan ka ɗauki na gaba. Aƙalla mako 12, ba kwana uku ka ce ba ya aiki ba. Kahin shi dawo, a sa wani shi riƙa duba butalin gaz da abincin da ya kwana, don hancinka ba zai gargaɗe ka ba.

Sai masu cewa tun da na yi murar nan kaina bai koma daidai ba, mantuwa, gajiya, tunani kamar ranar hazo. Hukumar lahiya ta duniya na kiran shi dogon korona in alamun na nan wata 3 bayan kamuwa kuma sun ɗauki aƙalla wata 2 ba wani dalili. Je a auna tansiyo, sukari da yawan jini tukun, don su ma suna kawo haka. Raba aikinka gutsi-gutsi, rubuta abin da kake mantawa, kar ranar da ka ji ƙarfi ka ce sai ka biya bashin sati guda, washegari kai ne a kwance.

Ita yayata sai da ta yi wata biyar. Da ƙamshin ya fara dawowa ma a karkace ya zo, soyayyar albasa na yi mata warin ƙonanniyar roba, ɗiyarta ke yin suya ita ta koma zaure. Kanumfari ta fara ganewa daidai, daddawa ta zo daga baya.