Yadda za ka san daɗin shayin buzaye har ka zama ɗan fada

Mutane da yawa suna cewa wai shayin buzaye ɗaci ne kawai da sikari, kuma ni na san dalili, kofin farko suka kurɓa suka yamutsa fuska suka tashi. Ai ba a yi wa wannan shayin haka. Zagaye uku ne, kuma kowanne da nasa ɗanɗanon, wanda ya tsaya a na farko gaskiya bai sha shayi ba tukuna.

Fara da ganye. Koren ganyen shayi ne da ake shigo da shi daga Chana, akwai wanda aka murɗe shi ya zama ƙanana ƙanana kamar ƙwayar gero, akwai mai ɗan tsawo. In za ka saya ka buɗe ka shinshina, ka duba ko ya yi gari da yawa, don ganyen da ya zama gari ɗacinsa na banza yake fitarwa, irin mai kama maƙogwaro. Sai ƙaramar buta, kofunan gilashi ƙanana, gawayi da murhun waya. Gas yana dafawa ba a ce a'a ba, amma garwashi ne ke ba shi lokaci ya nuna a hankali.

Ka zuba ganye a buta ka ɗauraye shi da ruwan zafi kaɗan ka zubar, ƙura ta fita. Sannan ka sa ruwa ka ɗora a kan garwashi ka bar shi yana tafasa a hankali, kamar minti 15 zuwa 20, kar ka yi ta fifita wuta don gaggawa. In ya dahu ka sa sikari, to nan aikin yake: ka tsiyaya a kofi daga sama, ka mayar buta, ka sake tsiyayawa, ka juya daga wannan kofi zuwa wancan kana ɗaga hannu har kumfa ta taru ta zauna da kauri, sai ka mayar da ruwan shayin buta ka bar kumfar a kofuna, ka ɗan ƙara dumama shi kafin ka raba. Juyin nan shi ke narkar da sikari ya kuma rage zafi, kuma da kumfa ake gane gwani, mai shayin da ya miƙo kofi ba kumfa 'yan fada, wato abokan majalisar da ake zaman shan shayin, sai sun yi masa tsiya. Ka ɗauraye bayan kofin kafin ka miƙa, kar ya yi danƙo a hannun mutane.

Wajen sha, kurɓa ake da ɗan sauti, iska na shiga tare da shayin. Na farko baƙi ne wuluk mai ƙarfi, ka bar shi ya ɗan zauna a harshe, bayan ɗacin za ka ji wani ƙamshi na hayaƙi-hayaƙi ya biyo. Don Allah kar ka sha shi da yunwa, yana tayar da zuciya, ka samu soyayyar gyaɗa ko dabino tukuna. Na biyu, wanda ake ƙara wa ganyen nan ruwa a sake dafawa, ni dai shi ne nawa, ganyen ya saki jiki, ɗaci da zaƙi sun daidaita, kuma nan ake jefa na'a-na'a, wasu su sa kanumfari ko citta. Shawarata ka saba da shi zalla kafin ka fara cika masa kayan ƙamshi, in ba haka ba ba za ka taɓa bambance ganye mai kyau da marar kyau ba. Na uku mai sauƙi ne mai zaƙi.

Sai maganar mutane. A Damagaram da Yamai da Maraɗi, tun shekarun 1990 fadodin samari suka yawaita, kowace da sunanta, wata har a bango ake rubutawa, ana zama a ƙofar gida ana hirar ƙwallo da siyasa da neman aiki, in bikin ɗaya ya taso a haɗa masa gudummawa. A Agadas kuwa shayi ne tarbar baƙo. A Kano ma in dare ya yi za ka ga buzaye masu gadi da butarsu a kan garwashi, mutanen layi sun zagaye su.

In ka je fada kai sabo ne, ka yi sallama ka gaisa da kowa, kar ka miƙa hannu ka ɗauki kofi da kanka, mai shayi ne ke rabo kuma da manya da baƙi yake farawa. In ka samu ka shanye ka mayar da kofin da wuri, kofunan ba su da yawa wasu na jira. Ka ajiye waya ka shiga hira. Ka yi ƙoƙari ka kai na uku, in uzuri ya kama ka ka faɗa kafin a ɗora na gaba. Ranar da za ka sake zuwa kar ka zo hannu rabbana, ka riƙo ganye ko sikari ko ƙullin gawayi, ka ba mai shayi a hannu. In kuma kana da ciwon suga ka gaya masa tun farko, zai tsiyaya maka naka kafin ya zuba sikari.