Yadda ake bin sawun Yaƙin Duniya na Ɗaya a adabin Amurka

Wanda ya buɗe littattafan Amurka na shekarun 1920 yana neman ramukan soja da ƙarar bindiga zai sha mamaki, domin da yawansu ba su nuna fagen daga ba. Tabon yaƙin yana cikin harshen da aka rubuta su da shi, wato salon da masana ke kira modanizim. Can za ka neme shi.

Fara da sanin abin da aka gaya wa matasa kafin su tafi. Amurka ta shiga yaƙin a watan Afrilu 1917, Shugaba Woodrow Wilson yana cewa don kare dimokuraɗiyya za a yi shi. Gwamnati ta kafa hukumar farfaganda ƙarƙashin George Creel, aka cika jaridu da manyan kalmomi irin su ɗaukaka, jarumta da sadaukarwa. Sojojin Amurka kimanin 116,000 ne suka mutu, kuma fiye da rabinsu ba a fagen daga ba, cuta ce ta fi cinye su, musamman annobar mura ta 1918. Idan ba ka san alkawarin da aka yi ba, ba za ka gane zafin saɓa shi ba.

Sai ka ɗauki fensir da A Farewell to Arms na Ernest Hemingway, wanda ya fito a 1929. Marubucin ya tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a Italiya, aka ji masa rauni a watan Yuli 1918 yana ɗan shekara 18. A babi na 27 mai ba da labarin yana cewa waɗancan manyan kalmomi sun zama abin kunya, abin da ya rage da mutunci shi ne sunayen ƙauyuka da koguna, lambobin hanyoyi da ranaku. Riƙe wannan a matsayin ma'auni. Zaɓi shafi biyu ko uku a ko'ina cikin littafin, ka ja layi ƙarƙashin duk sunan abin da ake iya taɓawa, ka zagaye duk kalmar da ke nuna ra'ayi ko yabo. Za ka ga layuka sun yi wa zagaye fintinkau. Gajerun jimlolin nan ba ƙarancin kalmomi ba ne. Mutum ne da aka yaudara da daɗin baki, ya daina yarda da shi.

Mataki na gaba ya fi wuya: karanta abin da aka ƙi faɗa. Gajeren labarin Hemingway mai suna "Big Two-Hearted River" na 1925 shi ne wurin gwaji. Jarumin labarin, Nick Adams, ya je kamun kifi shi kaɗai, ya kafa tanti, ya dafa kofi, ya kama fara don yin koto. Ko sau ɗaya ba a ambaci yaƙi ba. Lura da yadda yake yin komai a hankali kamar mai tsoron kada tunani ya same shi a zaune, da kuma yadda ya ƙi shiga fadama a ƙarshe. Mai karatu cikin gaggawa zai ce labarin kamun kifi ne kawai, kuma nan ne akasarin ɗalibai ke faɗuwa.

Daga nan ka duba tsarin da aka tarwatsa da gangan. Waƙar T. S. Eliot, The Waste Land ta 1922, kashi biyar ce, muryoyi na shiga da fita ba sallama, harsuna na cakuɗe. Kada ka ɓata lokaci wajen haɗa su su zama labari guda. Rubuta a gefen shafi duk inda murya ta canza, ka tambayi wa ke magana. John Dos Passos ma haka ya yi a littafinsa mai suna 1919, inda ya jera guntayen kanun jaridu kusa da rayuwar talakawa, ƙaryar hukuma ta tona kanta.

Kurakurai biyu ake yawan yi. Na farko, cewa yaƙin ne ya haifi salon. Duba shekaru: Gertrude Stein ta fitar da Three Lives tun 1909, Ezra Pound kuma yana kiran a rage ado a waƙa tun 1912. Kayan aikin suna nan, yaƙin ya ba su dalili da masu sauraro ne. Na biyu, ɗaukar kowane marubuci tsohon mayaƙi. F. Scott Fitzgerald ya sa kaki amma bai ƙetare teku ba, William Faulkner yana horon tuƙin jirgi a Kanada aka tsagaita wuta.

Don ka ga bambancin sosai, ajiye One of Ours na Willa Cather, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1923, kusa da Three Soldiers na Dos Passos na 1921. A na farko saurayin ya mutu yana ganin yaƙin ya ba rayuwarsa ma'ana, a na biyu aikin soja niƙe mutane yake yi. Kuma kada ka tsallake marubuta baƙar fata. Sojoji baƙar fata sun dawo gida suka tarar da tarzomar wariyar launin fata ta 1919, shekarar da Claude McKay ya wallafa "If We Must Die". Shi bai tarwatsa tsarin waƙa ba, cikin tsohon ma'auni mai layi 14 ya zuba fushinsa.