Yadda ake gane ciwon ɓarin kai tun kafin a je gaban likita

Sunan ciwon ne yake fara yaudarar mutane. Sun ji an ce ɓarin kai, sai su zauna jiran ciwon da zai kama gefe guda kawai. Ranar da ya mamaye kan duka, ko ya taso daga ƙeya, sai su ce gajiya ce ko rashin barci. Ni ma haka na yi shekaru, ina haɗiye ƙwaya ina ɗora wa rana laifi. Ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren, yana samun kusan mutum 1 cikin kowane 7 a duniya, kuma mata sun ninka maza kusan sau 3. Ba gwajin jini ne ke kama shi ba. Da labarin da ka bayar ake gane shi, don haka labarin ne za mu gyara.

Mataki na farko: bar zancen inda ciwon yake, koma kan yadda yake. Ƙa'idar da likitocin ciwon kai ke bi a duniya tana neman abu 2 cikin 4: ciwon yana gefe guda, yana bugawa kamar bugun zuciya, ƙarfinsa ya kai ya hana ka abin da ka saba yi, motsi yana ƙara shi. Ka ga gefe guda ɗaya ne cikin huɗu, ba dole ba ne. A wurina na ƙarshen ya fi kowanne faɗin gaskiya. Sunkuya kamar za ka ɗauki wani abu a ƙasa, ko ka hau matakala. In ka ji kan yana neman tsagewa da kowane taku, riƙe wannan. Ciwon kan gajiya, wanda ake ji kamar an ɗaure kai da igiya, bai damu da tafiyarka ba. Sannan duba agogo: in ba a sha magani ba, ɓarin kai kan ɗauki awa 4 zuwa 72. A wajen yara yakan fi gajarta, wani lokaci awa 2, kuma galibi gefe biyun yake kama musu.

Mataki na biyu: duba 'yan rakiyarsa. Ɓarin kai ba ya zuwa shi kaɗai. Ko dai tashin zuciya da amai, ko kuma haske da ƙara su zama abokan gaba. Kada ka tambayi kanka ko haske yana damunka, don kusan kowa zai ce a'a. Tambayi kanka abin da ka yi. Ka rage hasken waya? Ka ja labule? Ka ce a kashe talabijin, ko ka tsawata wa yara a kan surutun da jiya ko kulawa ba ka yi ba? Wasu har ƙamshin turare ko hayaƙin mota yake juya musu ciki. Akwai kuma masu hawaye da toshewar hanci, su yi ta shan maganin mura a banza, alhali ɓarin kai ma yana kawo waɗannan.

Mataki na uku, kuma nan ne na fi shan wuya: waiwayi ranar da ta gabata. Ciwon ba ya farawa lokacin da kai ya soma sarawa. Awoyi kafin nan, wani lokaci har kwana 1 ko 2, jiki yana aiko saƙo, sai dai ba wanda ya koya mana karanta shi. Hamma ba ji ba gani bayan ka yi barcinka cikakke. Wuya ya sanƙare. Yawan fitsari, ƙishirwa, saurin fushi ba dalili, ko ka karanta layi ɗaya sau uku bai shiga ba. Sai kuma kwaɗayin wani abu, musamman mai zaƙi.

Wannan kwaɗayin shi ya ɓatar da ni. Duk ranar da na ci cakulan da yamma, washegari sai kai ya tashi, sai na yanke hukunci cewa shi ne mai laifi, na haramta wa kaina. Ciwon bai fasa zuwa ba. Sai daga baya na gane cewa ba cin ne ya kawo ciwon ba, ciwon da ya riga ya fara a ƙwaƙwalwa ne ya tura ni neman zaƙin. Haka zancen wuya yake. Na ga masu canza matashi sau uku, suna biyan mai tausa, suna zaton wuyan ne ke haifar da ciwon kai, alhali sanƙarewar wuyan ita ce sallamar da ciwon ya yi a bakin ƙofa. Ban ce babu abubuwan da ke tayar da shi ba. Tsallake abinci, sauyin lokacin barci, damuwa, har da sakin jiki bayan damuwar ta wuce, duk suna yi. Amma kafin ka kama wani abu da laifi, ka tabbatar ya riga alamomin farko zuwa, ba biyo su ya yi ba.

Ke kuma 'yar'uwa, haɗa kwanakin ciwon da na al'adarki. In yana zuwa daga kwana 2 kafin jini zuwa kwana 3 na farkonsa, saukar sinadarin jikin mace da ake kira istirojin ne ke jawo shi, kuma irin wannan yakan fi daɗewa da taurin kai.

Mataki na huɗu: abin da ido ke gani. Kusan mutum 1 cikin 3 ko 4 na masu ciwon suna samun abin da likitoci ke kira aura. Layi mai lanƙwashe-lanƙwashe yana ƙyalli, ko wani ɓangaren abin da kake kallo ya ɓace, ko jin wani abu kamar tafiyar kiyashi daga yatsu ya hau hannu ya kai leɓe, ko magana ta harɗe. Abin lura shi ne a hankali yake yaɗuwa, yakan ɗauki minti 5 zuwa 60, ya wuce, sannan yawanci kai ya biyo baya. Shanyewar ɓarin jiki kuwa farat ɗaya take zuwa. Duk da haka, in karon farko ne, kada ka zauna tantancewa, asibiti kawai. Macen da ke samun aura kuma ta faɗa wa likita kafin ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin, don haɗuwar biyun tana ƙara haɗarin shanyewar jiki, balle in ana shan taba.

Mataki na biyar: rubuta. Ƙa'idata ita ce takarda da biro, ba manhajar waya ba, don mai ɓarin kai ba ya son kallon allo. Kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, 'yan rakiya, abin da ka ji jiya, ƙwayar da ka sha. Har da gajiyar washegari, wadda za ka ji kamar an yi maka duka, ita ma cikin ciwon take. Wata 2 ko 3 ya isa. Likita na neman aƙalla tashi 5 masu irin wannan siffa, ko 2 in da aura. Kada ka ruga ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da kanka, ba ya nuna ɓarin kai, kuɗinka kawai zai ci. Ƙirga ƙwayar ma: farasitamol ko ibuprofen kwana 15 a wata, ko masu haɗi da kodin kwana 10, in an wuce wata 3 a haka, maganin da kansa yana iya zama mai kawo ciwon.

Waɗannan kuwa ba na rubutawa a ajiye ba ne, na tafiya asibiti ne nan take: ciwon kan da ya kai ƙarshen tsanani cikin minti 1, wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko da raunin hannu ko ƙafa, karkacewar baki, ruɗewa ko jijjiga, wanda ya biyo bayan buguwa a kai, sabon ciwon kai bayan shekara 50, da sabo ko mai tsanani ga mai ciki ko mai jego. In kuma ciwon gefen ido ɗaya ne, minti 15 zuwa awa 3, idon ya yi ja, kana zirga-zirga ka kasa kwanciya, wannan wani ciwon ne daban mai maganinsa daban, ka faɗa wa likita haka yadda yake.