Yadda ake riƙon tsohuwar kyanwa

Da Iya maƙwabciyarmu ta rasu, an raba gado har tabarma da butar alwala, amma ba wanda ya ce uffan a kan kyanwarta. Kwana uku tana zaune bakin ƙofar ɗakin da aka garƙame da kwaɗo. A Ingila ko Amurka akwai gidajen da ake ajiye irin waɗannan dabbobi har a sami mai ɗauka. Mu nan sai dai maƙwabci mai tausayi. Na ɗauko ta cikin kwando, maigida ya leƙa ya ce, "Wannan ai ɓera ma sai ya yi mata gwalo." Da gaskiyarsa, don shekara biyu ke nan ko jaba ba ta kama ba. In don ɓera kike so, nemi 'yar ƙarama.

Jikokin Iya sun ce ta kai shekara 12, wato kamar mutum ɗan 64 a lissafin likitocin dabbobi. Wanda ya kai wannan shekaru ba ya son sauyin ɗaki. Don haka ki fara tsare ta a ɗaki ɗaya na mako biyu ko uku, da abinci da ruwa da roba mai faɗi cike da yashi don bayan gida. Ni na yi garaje na sake ta rana ta biyu, sai ga ta can gidan Iya tana kuka a soro. In akwai wani tsumma daga tsohon gidanta, ki roƙo shi ki shimfiɗa mata. In ta shige ƙarƙashin gado, ki hana yara jawo ta. Yunwa za ta fito da ita.

A makon farko ki kai ta asibitin dabbobi, a yi mata allurar ciwon haukan kare, a ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma, a duba bakinta. Tamu tana dalalar da miyau, tana tauna da gefe ɗaya. Likita ya ɗaga leɓenta ya ce, "Hajiya, dubi dasashin nan." Ja wur, haƙori ɗaya ya ruɓe. Ashe ba tsufa ne ya ramar da ita ba.

Nan ne ya ja mini kunne kan abin da nake so kowa ya ji: kada a kuskura a ba kyanwa Panadol ko wani farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka maganin ƙuma na karnuka, da fiya-fiyar da muke yayyafawa don sauro, da shinkafar ɓera, tunda kyanwa tana iya cin ɓeran da ya ci gubar.

Batun abinci ne ya fi ba ni wahala, saboda mun saba zuba wa mage sauran tuwo da miya. Albasa da tafarnuwar da ke cikin miyar suna lalata mata jini, tuwon kuma cika ciki kawai yake yi. Kyanwa maciyiyar nama ce. In ta daɗe ba ta samu ba, ido da zuciya kan taɓu. Nakan dafa mata kifi ko kaza ko ƙwai ba gishiri ba magi, in cire ƙaya tsaf, in marmasa da ɗan romo don haƙoranta. Kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a rana, da ɗuminsa, domin hancinta ya yi rauni kuma ƙamshi ne ke jawo ta. Madara kuwa zawo take sa yawancin manyan kyanwoyi, duk da yadda suke lasar baki.

Ki sa ido a kwanon ruwa fiye da na abinci. Ciwon ƙoda ya yi yawa a tsofaffin kyanwoyi, kuma alamarsa ta fari ita ce yawan shan ruwa da yawan fitsari, sai rama. Ni kullum da safe nake cika kwanonta zuwa wani zane da na yi da ƙusa, da magariba in duba. In kika ga shan ya ƙaru, ko ta yi kwana biyu ba ta ci komai ba, kada ki jira na uku.

Da hunturu gaɓoɓinta kan riƙe. Ta daina hawa katanga, har gado sai na ajiye mata kujera 'yar tsuguno ta taka. Kwali da tsohon bargo a lungun da iska ba ta bugawa sun wadatar. Ba ta iya lanƙwasawa ta lashe bayanta kamar da, sai gashin ya cukurkuɗe, shi ya sa nake taje mata da tsohon matajin yara. Faratanta ma sun yi kauri, in aka bar su sai su naɗe su shige tafin ƙafa. Duk wata nakan naɗe ta cikin zani, in yanke tsinin kawai, in kauce wa jan da ke ciki. Yara suna kiranta kyanwar Lami, wai ba cizo ba yakushi, amma ranar yankan farce ba wanda yake yarda ya riƙe mini ita.