Yadda ake koya wa sabon mataimaki sanin mutanen oga

Abin da na fi gani shi ne a tura wa sabon mataimaki lambobin da ke cikin wayar oga gaba ɗaya a ce ga su nan ka haddace. Ba zai iya ba, kuma ko ya haddace bai san wa ya fi wa ba, alhali nan aikin yake.

Da farko zauna da ogan kansa, kar ka yi hasashe, shi zai faɗi mutanen da ko yana tsakiyar mitin in sun kira sai an sanar da shi. Ni dai a wurina kar su wuce 15. Sai waɗanda za a ce musu zai neme ku yau, sai sauran da za a karɓi saƙonsu kawai.

To mataki na biyu nan ake faɗuwa. Mutanen da suka fi kusa da oga su ne ba sa gabatar da kansu, mutum zai bugo ya ce ba ni shi, shi kenan, shi kuma sabon mataimaki don son ya nuna ƙwazo sai ya hau tambaya, wa ke magana, daga ina, me ake so, kafin ka ce me ran mutumin ya ɓaci kuma oga ne zai sha ƙorafin. Don haka kowane suna sai an rubuta masa bayani: muƙaminsa da yadda yake so a kira shi, me ke tsakaninsa da oga, kira ya fi so ko WhatsApp, waye sakatarensa, don sau da yawa da sakataren za a fi hulɗa. A sa hoto in akwai, saboda ranar da zai shigo ofis. Kuma a gaya wa mataimakin da baki, ba a rubuce ba, waɗanda oga ke kauce wa da waɗanda ba a haɗa su zama ɗaya.

Ba sai an kashe kuɗi kan wata manhaja ba, Google Contacts da Outlook duk suna da wurin rubuta bayani da raba mutane rukuni-rukuni. Amma a ajiye a asusun ofis, ba a wayar mataimakin ba, in ba haka ba ranar da ya bar aiki da su zai tafi.

Sauran mai sauƙi ne. Satin farko ya zauna gefenka yana jin yadda kake amsa waya, oga kuma ya gabatar da shi ga manyan da bakinsa. In wani ya kira da sabuwar lamba ya ce shi wane ne, yana neman kuɗi ko a canza lambar asusu, a kashe a kira tsohuwar lambar tukuna. Duk wanda ya canza aiki ko lamba a gyara a ranar.